Jaruman Littattafan Zane Da Masu Rubuta Su: Ina Na Ƙasar Hausa?

Duk wanda ya zaga kasuwannin kudancin Jihar Kano, tun daga Kwanar Ɗangora har zuwa Tudun Wada da Doguwa, ba zai rasa ganin hoton wani mutum mai jajayen kaya da zanen saƙar gizo-gizo a jikin jakunkunan makaranta da rigunan yara ba. Yaro ɗan firamare a Burumburum zai faɗi sunansa ba tare da wani dogon tunani ba, watau Spider-Man. Haka kuma zai gane Batman mai kunnuwan jemage, da Superman mai tashi sama kamar shaho. To, amma da za a tambayi yaron nan, ko ma yayansa da ke sakandare, sunan mutumin da ya zauna ya ƙago waɗannan jarumai, da wuya a sami amsa.

Dalili kuwa shi ne akasarin jama'ar wannan yanki ta hanyar fim suka san su. Alhali kuwa asalinsu daga littattafan labari cikin zane ne, waɗanda ɗalibai ke kira komik, kuma har yanzu manyan kamfanoni biyu na Amurka, watau Marvel da DC, suna fitar da sababbi kowane wata. A da sai wanda ya je birni yake ganin irin waɗannan littattafai, amma yanzu wayar hannu ta kawo su har ƙauye, ta yadda ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci zai iya bin labarin daga inda yake zaune. Masu bin su sau da ƙafa kuwa suna da wata ƙa'ida guda: kafin su dubi sunan jarumin da ke bangon littafi, sai sun fara duba sunan wanda ya rubuta shi. A ganinsu, ƙarfin jarumi daga alƙalamin marubuci yake fitowa.

YADDA ABIN YA FARO

A cikin shekarar 1938 ne aka fara buga labarin Superman. Wasu samari biyu ne na birnin Cleveland suka ƙago shi, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane. Suka sayar wa kamfani da labarin tare da dukkan haƙƙin mallakarsa a kan dala 130 kacal. Kamfani ya yi ta kwasar dukiya, su kuwa suka tsufa cikin ƙuncin rayuwa, har sai a 1975 da surutu ya yi yawa sa'an nan aka yanka musu dala 20,000 kowannensu a shekara, aka kuma mayar da sunayensu jikin littattafan. Batman ya fito a 1939, kuma shekara da shekaru sunan Bob Kane kaɗai ake rubutawa, alhali Bill Finger ne ya rubuta labaran farko ya kuma tsara yawancin siffofin jarumin. Finger ya rasu a 1974 ba shi da komai, ba a fara sa sunansa ba sai a 2015. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Spider-Man kuma a 1962 ya fito daga hannun Stan Lee da Steve Ditko.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake aikin, domin a nan ne tushen duk wata gardama yake. Marubuci shi ke tsara labari shafi bayan shafi, ya faɗi abin da za a gani a kowane gida na zane da abin da kowa zai ce. Daga nan mai zane ya zana, wani ya bi da tawada, wani ya sa launi, wani kuma ya rubuta maganganu, edita yana duba su duka. Kowace fitowa ba ta cika wuce shafi 20 da 'yan kai ba. Jarumin dai mallakar kamfani ne, marubuci ɗan kwangila ne, yakan yi shekara biyu ko biyar ya tafi a kawo wani. Saboda haka jarumi ɗaya zai iya zama mai hankali da tausayi a hannun wannan marubuci, ya koma wawa mai son faɗa a hannun wancan.

ƘORAFIN MASU KARATU

Babban abin da masu karatu ke kuka da shi a kan littattafan wannan zamani shi ne mutuwa ta zama abin wasa a cikinsu. An kashe Superman a 1992, mutane suka yi layi suna sayen littafin, kafin shekara ta zagayo aka dawo da shi. An kashe Captain America a 2007, ya dawo a 2009. A watan Mayu na 2023, cikin labarin Spider-Man da Zeb Wells ke rubutawa a lokacin, aka kashe yarinyar nan Ms. Marvel, ba a yi wata uku ba aka tashe ta. Masu karatu na cewa idan an san jarumi ba zai mutu ba, kuma ko ya mutu zai dawo, to babu sauran fargaba a labarin, kuma jaruntar da ba a yi asarar komai a kanta ba ba ta shiga zuciya.

Na biyu shi ne hana jarumi girma. An ɗaura wa Spider-Man aure a 1987, ya zauna da matarsa shekara ashirin, sa'an nan a 2007 editocin kamfanin suka ga cewa magidanci ba zai ja hankalin yara ba, sai aka shirya labarin da ya yi ciniki da wani shaiɗani aka shafe auren kamar ba a taɓa yi ba. Har yau akwai masu karatun da ba su yafe wannan ba. Bahaushen da ya tashi da jin labarin mazan jiya zai fahimci fushinsu, domin a tatsuniya ma akan bar jarumi ya yi aure ya haifu, ya tsufa ya ba na baya wuri.

Na uku kuwa batun kuɗi ne. Kamfanonin sun saba da shirya wani babban rikici da zai haɗa jarumai da yawa, a warwatsa labarin cikin littattafai goma ko fiye, ta yadda wanda bai saye su duka ba ba zai gane kansa ba. Kowane ɗaya kuwa dala huɗu ne zuwa biyar. In aka juya wannan zuwa naira, za a ga ya fi ƙarfin ɗalibi, har ma da ma'aikacin ƙaramar hukuma mai iyali.

WAƊANDA SUKA CIRI TUTA

Duk da haka akwai marubutan da masu karatu ke yabawa, kuma idan aka duba da kyau za a tarar abu ɗaya ne ya haɗa su. A watan Janairu na 2024 Jonathan Hickman ya fara wani sabon labarin Spider-Man, inda ya nuna shi magidanci mai shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya biyu, wanda bai sami ƙarfinsa ba sai da girma ya fara kama shi. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, abin da ya nuna cewa editocin 2007 ba su karanci jama'arsu daidai ba. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma Scott Snyder da mai zane Nick Dragotta suka fito da Absolute Batman. Batman da aka sani ɗan attajiri ne mai gidan gado da bara, amma na Snyder ɗan malamin makaranta ne, injiniya mai cin guminsa, wanda ya tashi a unguwar talakawa. Shi ma yana cikin littattafan da suka fi kasuwa a shekarar.

Tun kafin su, a 2014, wata marubuciya Musulma mai suna G. Willow Wilson, tare da edita Sana Amanat, sun kawo Kamala Khan, watau Ms. Marvel ɗin da aka ambata a baya. Yarinya ce 'yar shekara goma sha shida, iyayenta 'yan asalin Pakistan, tana zuwa makaranta da masallaci, kuma rabin wahalarta ita ce yadda za ta fita taimakon jama'a ba tare da ta saɓa wa iyayenta ba. Kowace ɗaliba a Kiru ko Bebeji ta san irin wannan tsaka mai wuya. Sai kuma Ta-Nehisi Coates, wanda ya karɓi labarin Black Panther daga 2016 zuwa 2021. Wannan jarumi, sarkin wata ƙasa ta almara a Afirka mai suna Wakanda, Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙago shi a 1966. Coates ya sa talakawan ƙasar suka tashi suna tambayar dalilin da zai sa mutum ɗaya ya mulke su don kawai ya gaji sarauta. A nan kan masu karatu ya rabu: wasu suka ce magana ta yi yawa faɗa ya yi kaɗan, wasu kuma suka ce a hannunsa ne Wakanda ta zama ƙasa mai mutane, ba fadar sarki kaɗai ba.

Abin lura shi ne duk waɗannan marubuta ba ƙarin ƙarfi suka yi wa jarumansu ba. Nauyi suka ɗora musu irin wanda kowa ke ɗauke da shi, na iyali da neman abinci da haƙƙin jama'a, suka kuma dasa su a wuri sananne mai unguwanni da al'adu. Marubucin da ya san ƙasar da yake magana a kanta, shi ne labarinsa ke zama a zuciya.

RABON NIJERIYA

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Dattawan da suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1960 za su tuna da mujallar African Film ta kamfanin Drum, mai ɗauke da labarin Lance Spearman cikin hotuna, wadda ɗalibai ke karɓa hannu da hannu har ta yage. A 1975 kuma aka fara sayar da Powerman, baƙin jarumi mai tashi sama wanda ba abin da ke karya lagonsa sai saran maciji. Domin 'yan Nijeriya aka yi shi, amma Turawan Ingila ne suka rubuta suka kuma zana. Masu zanen biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, daga baya sun zama manya a duniya, har Gibbons ya zana shahararren littafin nan Watchmen a 1986. Watau da kasuwar Nijeriya suka goge hannunsu. A Arewa ma, labaran Sauna da yara suka yi ta karantawa a makarantu da sunan marubuci Ɗan Fulani, wani Bature ne mai suna John Hare, wanda ya yi aikin mulki a Jihar Arewa, ya rubuta su.

Yanzu al'amarin ya sake. A 2013 Jide Martin ya kafa kamfanin Comic Republic a Ikko, mai fitar da jarumi Guardian Prime. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne, ta rubuta wa Marvel labaran Black Panther da na ƙanwarsa Shuri, kuma a 2017 ta ƙago Ngozi, yarinya 'yar Ikko mai tafiya a keken guragu, ta ce 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 ne suka sa ta ƙago ta. Murewa Ayodele da Dotun Akande, su ma 'yan Nijeriya, sun yi wa Marvel labarin Iron Man a 2023, kuma a watan Oktoba na 2024 aka damƙa wa Ayodele labarin Storm, jarumar da ke sarrafa iska da hadari.

Wanda ya fi shafar ƙasar Hausa kai tsaye shi ne Roye Okupe, haifaffen Ikko mai kamfanin YouNeek. A 2017 ya fitar da Malika, labarin wata sarauniya mayaƙiya ta ƙarni na 15 mai mulkin daular da ya kira Azzaz, kuma bai ɓoye ba cewa daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya ɗauko ta. A 2021 kamfanin Dark Horse na Amurka ya karɓi buga littattafansa. Ya cancanci yabo, domin ya ga dukiya a inda masu ita suka wuce ta. Sai dai da Turanci aka yi littafin, kamar yadda fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya fito a 2021 ma da Turanci aka yi shi. Yaron da kakarsa ta ba shi labarin ganuwar Amina da Hausa, sai ya koyi wani harshe kafin ya ga jarumarsa a zane.

ABIN DA KE CIKIN GIDA

Ba za a ce Hausa ta rasa jarumai ko marubuta ba. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma Ganɗoki, wanda ya gwabza da Turawa sa'an nan ya faɗa ƙasar aljannu, ya riga Superman fitowa da 'yan shekaru. Akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya tashi ba ya iya tafiya daga baya ya zama sadauki. Akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, da ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya. A wannan zamani kuma littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun tabbatar da cewa masu son labarin jarunta da Hausa suna nan da yawa, kuma suna sa kuɗinsu su saya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haɗa marubucin da mai zane a kan aiki ɗaya.

Kudancin Kano kaɗai ya ishi marubuci abin rubutawa na shekaru. A Burumburum ne Sarkin Kano Muhammadu Alwali, na ƙarshe a gidan Kutumbawa, ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe. Bayan masu jihadi sun ci rundunarsa a Ɗan Yaya ya bar birni ya nufi Zariya, daga baya ya dawo ya yi sansani a Burumburum, a nan aka ritsa shi aka kashe shi wajen 1807. Ga sarki da mulki ya suɓuce masa, ga malamai masu ganin gaskiya ce ta fito da su, ga kuma talakawan gari da yaƙi ya iske har ƙofar gida. Irin tambayar da Coates ya yi a kan Wakanda ta almara, ga ta nan a tarihi na gaske, sai dai tana bukatar marubuci mai adalci, domin jikokin ɓangarorin biyu suna nan zaune tare. Bayan wannan akwai hare-haren Ningawa a kan garuruwan kudancin Kano a ƙarni na 19. Akwai dajin Falgore da maharbansa, da wahalar da makiyaya suka sha a cikinsa a hannun ɓarayin shanu. Akwai ramukan haƙar kuza na Riruwai, da madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da masuntan da ke kwana a kanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu wani marubuci a Ikko ko Amurka da zai san waɗannan wurare kamar ɗan da aka haifa a cikinsu.

Wasu iyaye da malamai suna ƙyamar waɗannan littattafai, kuma suna da hujja. Shigar da ake yi wa mata a cikin da yawa daga cikinsu ba ta dace da tarbiyyar gidan Bahaushe ba, wasu kuma zubar da jini ya yi musu yawa. To, amma hani kaɗai ba zai yi magani ba tun da abin yana cikin waya, waya kuma tana aljihun yaro. Hanyar da ta fi ita ce a samar masa da nasa, mai harshensa da mutuncinsa. Daɗin daɗawa, malaman firamare sun san cewa yaron da karatu ke ba wuya yakan saki jiki idan hoto yana taya shi gane kalma, saboda haka littafin zane na Hausa zai taimaka wajen yaƙi da jahilci fiye da yadda ake zato.

ABIN YI

Ma'aikata ba su yi ƙaranci ba. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya daɗe yana yaye masu zane, kuma aikin mutane irin su Mustapha Bulama, wanda ya yi suna da zanen barkwanci a jaridar Daily Trust, ya nuna akwai hannu a Arewa. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata marubuta da dama waɗanda da ba a san su ba, kamar yadda gasar 1933 ta fito da su Abubakar Imam. Babu abin da zai hana Ma'aikatar Ilimi, da Hukumar Ɗakunan Karatu, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, tare da reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, su shirya irin wannan gasa domin labari cikin zane, a sa sharaɗin cewa marubuci da mai zane su shigo tare, a kuma buga waɗanda suka ci a raba wa makarantu. Ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa za su iya farawa da ɗaliban sakandarensu, kowace makaranta ta kawo shafi takwas a kan tarihin garinta.

Ga ɗalibin da ke da niyyar shiga wannan fage kuwa, abu biyu ya kamata ya riƙe. Na farko, ya fara da abin da ya sani, ya tambayi tsofaffin garinsu tun suna raye, ya rubuta da Hausar da yake ji a gida. Na biyu, kada ya sa hannu a kan wata takarda da za ta raba shi da mallakar jarumin da ya ƙago sai ya karanta ta sarai ya kuma nemi shawara, domin dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana kare wanda ya riƙe haƙƙinsa ne, ba ta dawo wa wanda ya sayar da nasa da hannunsa. Siegel da Shuster sun yi shekara 37 suna jiran a gyara kuskuren da suka yi a yini ɗaya. Allah ya sa na baya su ɗauki darasi.